Ƙullin Yaji a Kan Murfi

Wannan shekarar da zan ba ku labarinta na so in tsallake ta, kamar yadda na tsallake wasu da ba za su amfane ku da komai ba. Maganar 'yar'uwarku Rabi ce ta hana ni. Tun da iddarta ta cika a watan jiya kun hana ni sakat. Bello ya zo da safe ya zauna a bakin gadona yana jero mini halayen abokinsa, wai mutum ne mai natsuwa, a ɗaura kafin azumi kowa ya huta. Hadiza ta kira ni a waya da yamma har kunnena ya yi zafi, wai kada a kuskura a yi wa yarinya maganar namiji sai ta shekara biyu. Kowannenku so yake in ce shi ne mai gaskiya, da na yi shiru kuma kuka haɗa baki wai tsufa ya sa Hajiya tsoron magana. Ban taɓa tsoron magana ba, ku tambayi duk wanda ya yi maƙwabtaka da ni a Gusau. Abin da ya rufe mini baki shi ne na taɓa bin irin shawarar Bello, na kuma taɓa bin irin ta Hadiza, duka a cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma kowacce ta ci ni.

Akwai kuma maganganu biyu da na san sun zo kunnenku tun kuna yara. An ce ina da aljanu, an kuma ce auren kisan wuta na yi da mahaifin Hadiza, wato na aure shi ne kawai don in halatta ga mijina na fari. Wanda ya faɗa muku bai san komai ba. Ni ma da abin ya faru a kaina ba duka na sani ba, amma wanda na sani ga shi.

Mijina na fari sunansa Garba, direban babbar mota ne a Tsafe, yana ɗaukar hatsi zuwa Gusau. Shekara tara muka yi Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba mugu ba ne, amma fushinsa kamar wutar kara yake, kuma ba ya tashi huce shi sai a kan igiyar aure. Sau biyu yana saki na yana mayarwa tun ban gama ɗaure kayana ba. Yana da wani hali a wajen cin abinci. In na tuƙa tuwo, sai na kankaro ƙanzon gindin tukunya da zafinsa na ɗora masa a gefen malmala, in babu ƙanzon nan to a wurinsa ba a yi tuwo ba. Shekara tara kullum haka nake yi, in zuba a wata langa fara mai jajayen furanni da Inna ta saya mini, in rufe, in kai masa bakin zaure in ce, "Ga shi nan, ban daɗe ba," domin kullum cewa yake na daɗe.

Ran nan da kaka, gab da magariba, na kwashe tuwon sabon gero, na ɗora ƙanzo, na rufe. Na ɗauko langar da hannu biyu na taka sau uku ko huɗu, sai yayan Garba ya yi sallama ya shigo har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙo mini takarda yana kallon ƙasa. Na rasa hannun karɓa, sai na ajiye langar a kan turmi. Saki na uku ne, wanda babu kome a bayansa. Har yau ban san dalilin na ranar ba. Abin da na sani shi ne da gari ya waye aka zo kwasar kayana, langar tana nan a kan turmi a rufe, ba a kai ta zaure ba.

Na koma gidanmu a 'Yankuzo na fara idda. Don kada zama ya kashe ni sai na karɓi girkin gidan gaba ɗaya. Kwano takwas ake zubawa a gidan, na san su kamar yatsuna. A kwana na huɗu Baba ya dawo daga sallar magariba, ya yi tuntuɓe da wani abu a bakin zaure ta ciki. Muka ji muryarsa.

"Wa yay yi baƙo ba a hwaɗa mani ba?"

Inna ta ce, "Babu baƙo, Malam."

"To wagga langa ta wa ta?"

Aka kawo fitila. Langata ce mai jajayen furanni, wadda na san tana ƙasan kayana a ɗakin Inna. Baba ya ɗaga murfin, tururi ya taso. Malmala biyu ce, da miya, da ƙanzo a gefe. Aka ƙirga kwanonin gida, takwas cif, kowa da nasa. Matar yayana ta rantse ba ta taɓa tukunya ba, ni ma na rantse, kuma da gaskiyata na rantse, domin ban tuna na zuba ba. Sai dai ƙanzon nan da na gani na san ko tuwon wane ne. A duk gidanmu babu mai cin ƙanzo da zafinsa. Na ja bakina ban faɗa wa kowa ba, kuma wannan shirun shi ne laifina na farko.

Baba ya zubar da tuwon a bayan rumbu. Da safe yana nan yadda aka zuba shi, kaji suna kewaye shi ba su taɓa ba. Ko ƙoshin kaka ne ya hana su, ban sani ba, na dai faɗa muku abin da idona ya gani. Inna ta kulle langar a akwatinta ta ɗaura makullin a bakin zane. Bayan kwana biyu tuwon ya sake bayyana a wani kwanon dabam, a daidai wurin, da ƙanzonsa. Baba ya koma zama a zaure tun la'asar da carbi a hannu yana tsaron ƙofar waje, don duk tunaninsu daga waje abin yake shigowa. Da ya tashi ya bi jam'i ya dawo, sai ya tarar da shi a bayansa. Gidan ya yi tsit. Yara suka daina wasa a tsakar gida in rana ta yi ja, matan unguwa suka daina aiko a ara musu rariya. Ni kuwa na fi kowa tsoro. In magariba ta gabato sai in ji tafukan hannuna sun ɗauki ɗumi, kamar na riƙe wani abu mai zafi na ajiye yanzun nan.

Inna ta yanke cewa kiranye ne, wato Garba ya sa an yi mini asirin da zai ja ni in koma. Aka yi rubutu na sha, aka yi hayaƙi har idona ya kumbura. Da abin ya ƙi, sai ta zaunar da ni a kan gadonta. Ita ma an taɓa sakin ta tana da ƙuruciya, kuma kwana bakwai da cikar iddarta ta auri Baba, suka shekara talatin ko "tashi" bai taɓa ce mata da ƙarfi ba. Don haka da zuciya ɗaya take maganarta.

"Saude, ni na bi hanyar ga kahin ke. Babu abin da ka kashe tsohon aure sai sabo. Da zahi-zahi aka bugun ƙarhe. Ranar da wani ya ɗaura maki aure, abin ga bai da ƙohwar da zai biyo."

A cikin kwanakin ne Gwaggo Tumba, yayar Baba, ta zo daga Kekun Waje duba ni. Doguwar tsohuwa ce mai ƙarancin magana, sana'arta daddawa, kuma tun fil azal ba sa ga maciji da Inna. Aka ba ta labari. Ba ta nemi ganin kwanon ba, ba ta je bakin zaure ba. Hannuwana ta kama ta juya su, ta sunsuna, ta daɗe tana kallon fuskata.

Ta ce, "A bar ta ta gama."

Inna ta ce, "Ta gama mi? Idda saura kwana goma sha biyu."

"Wannan ta malammai ta."

Inna ta yi tsaki ta ce ita ba ta san wata idda ba bayan wadda Allah ya ce. Baba ya goyi bayan Inna, ni ma na goyi bayanta, domin so nake a raba ni da bakin zauren nan ko ta halin ƙaƙa. Gwaggo ta ɗauki ƙwaryarta ta koma.

Malam Sani ma'aunin hatsi ne a kasuwar Gusau, yakan zo ƙauyenmu sayen gero da dawa. Matarsa ta rasu shekara biyu kafin nan, ba su da ɗa. Baƙi ne siriri mai sanyin murya, irin mutanen da in suna awo ba sa duban fuskar mai saye, tiyar kawai suke kallo har ta cika ta yi tozo. Da ya zo zance bai yi mini daɗin baki ba. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Kin shirya? In ba ki shirya ba, ni ba ni da gaggawa."

Na ce na shirya. Kwana tara da cikar iddata aka ɗaura.

Gidansa ƙarami ne, ɗaki biyu da zaure, daga ni sai shi. Lokacin Gusau ba ta zama abin da kuke gani yanzu ba, in magariba ta yi unguwarmu shiru take yi sai kukan jakan 'yan kasuwa masu komawa ƙauye. Shi ma yana da nasa hali a abinci. Haƙoransa ba su da ƙarfi, don haka tuwo mai laushi yake so, kuma ba ya son a zuba yaji a miya. Sai dai in ƙulla masa ɗan yaji a ƙyalle in ɗora a kan murfin langa, ya barbaɗa da hannunsa daidai yadda yake so. Sati biyu na farko lafiya lau, har na fara cewa a raina abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai wata safiya ya shigo da kwanonin jiya daga zaure ya ajiye mini a bakin rijiya. Guda biyu ne, duka an cinye. Na dube su, na dube shi. Ya ce, "Allah shi yi albarka," ya saɓa buhunsa ya tafi kasuwa.

Wata biyar muka yi a haka. Kullum da safe kwano biyu, ni ban tambaya ba, shi bai ce ba. Na ɗauka abin ne ya biyo ni daga 'Yankuzo, ina tsoron in faɗa ya ce ya auro mai iska. Na rame, shi kuwa har ya ɗan yi kumatu, abokan kasuwa suna yi masa ba'a wai amarya ta iya tuƙi. Kuma a cikin watannin nan ne na fara son sa, wannan ku riƙe shi da kyau. Ban taɓa zama da mutumin da shirunsa ke kwantar mini da hankali kamar shi ba.

Da damina ta faɗi zazzaɓi ya kwantar da shi, bai fita kasuwa ba. Yana kwance a ɗaki, asabari a sake, ni ina girki a tsakar gida. Na tuna na tuƙa, na kwashe, na ƙulla yaji. Daga nan sai kawai na gan ni ina wanke muciya, kamar yadda mutum kan tsinci kansa a bakin rijiya bai tuna hanyar da ya biyo ba. Bayan ya yi sallar magariba a zaune sai ya kira ni.

"Saude, zamna. Yau na gane ki da idona."

Na ce, "Ka ga mi?"

"Kin zuba nawa kin aje. Kin ɗauko wata langa kin zuba, kin kankaro ƙanzo kin ɗora. Idonki buɗe, amma na kira ki sau biyu ba ki jiya ba. Kin wuce ta gabana kin kai bakin zaure, kin duƙa, kin ce, ga shi nan, ban daɗe ba."

Na dubi hannuwana a kan cinyata kamar na wata. Akwai baƙin tukunya a ƙarƙashin farcena. Duk tsoron da na ji a 'Yankuzo bai kai na wannan lokacin ba, domin abin da muka yi ta tsaro a ƙofar waje ashe da shi nake kwana, da shi nake tashi. Na fashe da kuka na ce wallahi ban sani ba. Ya ce ya sani ban sani ba, shi ya sa bai taɓa magana ba. Na ce to wa ke cinye na biyun.

"Ni. In na bar shi kin gani da sahe, hankalinki ya tashi. In na ba wani, magana ta hita. Wata biyar ina cin tuwon wani mutum, da haƙoran ga nawa."

Ya yi 'yar dariya, ni kuwa na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har na so ƙasa ta tsage. Bayan kwana uku da ya samu sauƙi ya sake zaunar da ni. Ya ce ya yi tunani, shi ba zai riƙe matar da hannunta ke gidan wani ba, kuma ba korata yake yi ba. Zai yi mini saki ɗaya. In zuciyata tana Tsafe, to yanzu hanya ta buɗe, na halatta ga Garba. In kuma ba can take ba, in je in gama abin da ban gama ba, shi yana nan inda na bar shi. Na roƙe shi, na ce ba Garba nake so ba. Ya ce ya yarda, amma ba bakina zai tambaya ba. To kun ji asalin maganar kisan wuta. Mutumin da ya buɗe mini ƙofa don tausayi, shi aka mayar abin dariya a kasuwa.

Ban koma 'Yankuzo ba, Kekun Waje na nufa wurin Gwaggo Tumba. Da ta gan ni da ƙullin kaya, har da langar nan mai jajayen furanni a ciki, ba ta ce "ai na faɗa" ba, tabarma kawai ta shimfiɗa mini. Da la'asar ta miƙo mini muciya.

"Tuƙa. In kin kwashe namu, ki ɗauko langar ki zuba mashi, da saninki, idonki biyu. Ki sa ƙanzon. Ki kai bakin ƙohwa ki hwaɗi abin da kika hwaɗi, sannan ki ɗauka ki kai ma makauniyar can ta bayan gidan ga."

Na ce, "Har yaushe, Gwaggo?"

"Har ranar da kinka manta. Kada ki daina da gangan, kuma kada ki ƙirga."

Ranar farko da na yi shi da sanina, sai da miya ta zuba mini a ƙafa kafin in kai ƙofa. Da na duƙa a bakin ƙofar da babu kowa na ce "ga shi nan, ban daɗe ba", sai kukan da ban yi ba ranar da aka miƙo mini takarda ya zo gaba ɗaya. Tun daga ranar ba a sake tsintar kwanon ƙanzo da ban san da shi ba. Garba ya ji labari ya aiko yana neman in koma, na ce a gaya masa Allah ya haɗa kowa da rabonsa, kuma ko ɗar ban ji ba. Ashe ba shi nake bi ba, tafiyar nan ce ta taku huɗu da aka tare ni ban ƙarasa ba. A wata na biyu kuma Gwaggo ta dube ni ina tankaɗe ta ce ciki gare ni. Ke ce, Hadiza.

Malam Sani yana da ikon ya mayar da ni kafin in haihu, bai yi ba, don ya ce ba zai yi mini dabara da ciki ba. Da na sauka idda ta cika, igiyar da ta rage tsakaninmu sai da sabon ɗauri. Ranar suna ya zo da rago da turmin atamfa, ya ɗauke ki yana kallo kamar yadda yake kallon tiya. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

"Ba ni matsa maki. Ranar da kinka shirya ki aiko, ko da baki na. Wanga karon ki tabbata."

Kalmar nan ta ƙarshe ita na riƙe, kuma ita ta kashe ni. Kina da wata huɗu, damina ta sake zagayowa, ran nan kika wuni kina kuka da zafin ciki. Na yi girki da ke a baya, muka ci, na yi miki wanka, kika yi barci. Muna zaune a tsakar gida ana kiran isha'i sai Gwaggo ta ce, "Yau mi kinka manta?" Na duba tulu, na duba kaji, na ce ban manta komai ba. Ta nuna mini langar da haɓa, tana kife a kan danga, busasshiya.

"Yau iddarki ta cika. Gobe da sahe ki goya ɗiyarki mu tahi Gusau."

Na ce, "Haba Gwaggo, daga mantuwar kwana guda? Ba ke kinka ce a bar ni in gama ba? Sauri ya haihi nawa. Bari a yanke gero, in ga ko abin ya dawo."

"Wancan lokacin na ce a jira, don ba ki gama ba. Yanzu ina ce maki tashi, don kin gama. Ba magana guda aka ba mutum kullum ba."

Na ƙi. Ni da na ƙone da gaggawa, sai na mayar da jira addini. Na ce na cuci bawan Allah sau ɗaya da "na shirya", ba zan sake ba sai na tabbata. Gwaggo ta yi magana sau uku a cikin satin, daga nan ta kama bakinta. Kwanaki suka yi ta wucewa, langa tana kife, hannuna shiru, ina jin daɗin ganin na warke, ina ƙirga kwanakin da aka ce kada in ƙirga. Har na sayi lalle na ajiye don ranar komawa.

Sati shida bayan nan, gero ya fitar da kai ya fara nuna, na gama girki rana ta yi ja. Gwaggo ta fito za ta yi alwala, sai na ji butar ta faɗi. Na leƙo. Langar nan mai jajayen furanni tana bakin ƙofa a rufe, tana tururi. Na ce shi ke nan, abin ya dawo, gara da ban tafi ba. Na matsa kusa, sai na ga abin da ke kan murfin. Ɗan ƙullin yaji ne a ƙyalle. Na buɗe, tuwo ne mai laushi, babu ƙanzo. Tun da na zo gidan nan ban taɓa ƙulla yaji ba. Na sunsuna yatsuna, yaji ne. Gwaggo ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta sake faɗa, ba ta dube ni ba.

Washegari da hantsi wani direba ya tsaya a bakin hanya ya aiko da saƙo. Malam Sani ya rasu jiya tsakanin la'asar da magariba, ciwon ciki na kwana uku, har an kai shi. Na san hannuna ne ya zuba tuwon nan. Abin da ban sani ba har yau shi ne wa ya gaya wa hannun.

Muka je gaisuwa. A gidan da na yi wata biyar ina shara, aka nuna mini gefen tabarma a cikin baƙi, domin ni ba matarsa ba ce. Babu takaba a kaina, ko kwana ɗaya shari'a ba ta ba ni ba. Ƙanwarsa ta kama hannuna ta kai ni ɗakina na da. An shafe shi da farar ƙasa, ga sabuwar tabarma a naɗe a jingine, ga murhu an gyara. Ta ce tun ranar suna kowace Juma'a sai ya share ɗakin nan da kansa, in an tambaye shi ya ce masu shi suna hanya. Daga Kekun Waje zuwa Gusau ba tafiyar wuni ba ce. Sati shida ina da ƙafa, ina da kuɗin mota, ina da mai raka ni.

Inna ta rasu tana cewa da na zauna a ɗakina da ban ga haka ba, Gwaggo ta rasu tana cewa da na tashi ranar da ta ce. Dukansu sun so ni, dukansu gaskiya suka faɗa. Maganar Inna da ta zo mini bayan shekara guda da magani ce, ta Gwaggo kuwa, ta a jira, na sha ta har ta wuce ranarta. Shekara huɗu bayan nan na auri babanku, Bello da Rabi, Allah ya jiƙansa. Kafin a ɗaura na gaya masa komai, na ce akwai kwano ɗaya da zan riƙa fitarwa kullum, in ba zai iya ba ya faɗa tun yanzu. Ya yi dariya ya ce kwano ɗaya ba zai talauta shi ba.

Yanzu ku dawo kan Rabi. Ni ban san ranarta ba, ku ma ba ku sani ba, ita kanta in kun tambaye ta abin da zai sa ku yi shiru za ta faɗa muku, kamar yadda na yi. Amma ranar Juma'ar da ta wuce da aka yanka kaza a gidan nan ina zaune ina kallon ta tana rabo. Ta tsamo ƙundun, kason maigida, ta sa a ƙaramin kwano ta rufe ta tura bayan tukunya, tana ta hira da ni ba ta ko duba ba. Da dare ta gan shi tana tambayar wa ya ajiye. Don haka Bello, ka ba abokinka haƙuri, in mai jira ne ya jira. Ke kuma Hadiza, ki ajiye shekara biyunki. Ranar da kika ga ƙanwarki ta jefa ƙundun nan a bakinta ko ta miƙa wa wani ba ta lura ba, in akwai mutumin kirki a ƙofa, kada ki ce mata ta ƙara ko kwana ɗaya.

Kwanon nan da kuka tashi kuna gani ina fitarwa kowace magariba, wanda kuke kira sadakar Hajiya, kuna yi mini dariya wai har da ƙullin yaji kamar mai ciyar da sarki, yanzu kun san ko na wane ne. Hadiza, na mahaifinki ne. Da sanina nake zubawa, idona biyu, yadda Gwaggo ta koya mini. Ta ce ranar da na manta, ranar na gama. Shekara arba'in ke nan ina jiran in manta.